Filin Tambaya da Amsa: Haƙƙin Dabba a Wuyan Maharbi

Wasiƙun wannan karo yawancinsu a kan farauta suke, kuma kusan duka abu ɗaya suke zagayawa: me ya kamaci mai riƙe da makami a daji, har a inda babu mai ganinsa. Mun taƙaita wasu, mun haɗe masu kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da samun lasisin farauta ba. Abokaina sun ce gwani a ka yake harbi, don dabba ta faɗi nan take kuma nama bai ɓaci ba. Gaskiya ne? Daga wani sabon maharbi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi wannan shawara. Ƙwaƙwalwar barewa ko gada ba ta kai dunƙulen hannunka ba, ga shi kai ba ya zama wuri ɗaya: tana kiwo, ta ɗago, ta waiga, duk cikin daƙiƙa guda. Kuskuren santimita 5 ya isa harsashi ya bar ƙwaƙwalwa ya fasa muƙamuƙi. Dabbar da muƙamuƙinta ya karye ƙafafunta lafiya lau suke. Za ta yi gudun da ba za ka cim mata ba, ba za ta bar jinin da za ka bi ba, sannan ta yi kwanaki ga ruwa ga ciyawa, ba ci ba sha, har rai ya fita. Cikin munanan harbi babu wanda ya kai wannan.

Ƙirji ake nema, mazaunin zuciya da huhu. A dabba mai girman barewa faɗin wurin ya kai santimita 20, kuma ba ya gusawa sai duk jiki ya gusa. In ta ba ka gefe sosai, bi ƙafar gaba da ido ka hau sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na zurfin ƙirji daga ƙasa. Sababbin hannu sukan saita tsakiyar jiki don nan ya fi faɗi, sai harsashi ya faɗa tumbi. A manyan dabbobi irin gwanki da ɓauna zuciya ta fi matsowa gaba, tana tsakanin kafaɗu, don haka wanda ya saba saita bayan kafaɗa yakan yi baya da yawa. In dabba ta juya a karkace tana barinka, saita yadda harsashi zai fita ta kafaɗar ɗaya gefen. In ta fuskance ka, wurin ya tsuke kuma ƙashi ya tare. Mai baka da kibiya kada ma ya gwada. In baya ta ba ka, ko tana gudu, ko akwai wata a bayanta, ko ciyawa ta rufe rabin jikinta, sauke bindiga.

Kafin ka shiga daji, auna kanka. Zana da'ira ta santimita 20 a takarda, ka harbe ta a yanayin da za ka yi harbi a daji, a tsugune ko bindiga jingine da sanda. Nisan da kake sa tara cikin goma a da'irar nan shi ne iyakarka, ko da bindigar tana kai ninkinsa uku. Ga Musulmi abin ya wuce gwaninta: hadisin da Muslim ya ruwaito ya yi umarni da kyautata kisa da yanka, an kuma hana mayar da mai rai abin koyon saiti.

Tambaya: Na harbi dabba da yamma, ta yi tsalle ta shige kurmi. Na bi ta a guje, na ga ɗigon jini kaɗan, can ya ɓace. Na haƙura na dawo gida, amma abin yana cina. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, gudun nan da ka bi ta da shi ne ya raba ka da ita. Dabba mai rauni, in ba a kore ta ba, takan kwanta a duhuwa mafi kusa, jiki ya sanƙare, jini ya yi ta zuba har ta mutu a nan. In ta ji takun mutum sai tsoro ya tashe ta, ta ci kilomita guda ko fiye, kitse ko hanji ya toshe raunin, jini ya daina fitowa waje.

Da ka harba, sake ɗura bindiga ka tsaya cik, ido da kunne a buɗe. Riƙe wuri uku: inda ka tsaya, inda take lokacin harbi, da inda ka yi mata ganin ƙarshe. Ɗaura ƙyalle a inda kake kafin ka ɗaga ƙafa, don daji yakan canja kama da zarar ka yi taku ashirin. Yadda ta karɓi harbin ma labari ne. Wadda ta yi shuri da ƙafafun baya ta zura a guje kai a ƙasa, galibi zuciya aka samu, ba ta cika wuce mita 100 ba. Wadda ta yi doro ta tafi a hankali, ciki aka fasa. Wadda ta zube nan take, kada ka yi murna tukuna. Wani lokaci harsashi ne ya gogi ƙashin baya ta sama ya sumar da ita, bayan minti guda ta miƙe ta tafi. Ci gaba da saita ta.

Sannan ka je wurin ka karanta jinin. Ja mai haske da kumfa, huhu ne: jira rabin sa'a ka bi. Mai duhu da kauri, hanta ce: ba ta sa'a uku zuwa huɗu. Ruwa-ruwa mai kore-kore, da ɗoyi da guntayen ciyawa, tumbi ne ko hanji: wannan sai sa'a takwas ko fiye. Guntun ƙashi da jan jini mai raguwa yawanci ƙafa ce, kuma ita ake bi ba jira, don irin wannan rauni ba ya kwantar da dabba. Sa'o'in nan lissafin yanayin sanyi ne. Inda rana ke da zafi nama zai lalace kafin sa'a takwas, in kuma hadari ya haɗo ruwa zai wanke sawu. To sai ka rage jiran, ka bi sannu, a shirye da harbi na biyu.

Taka gefen sawu, kada ka taka kansa. Sa alama a kowane ɗigo, ka duba ganye a tsayin ƙirjin dabbar ma. In jini ya ɓace, koma ɗigon ƙarshe ka riƙa zagayawa kana faɗaɗawa, ka fi mai da hankali ga gangare, bakin ruwa da duhuwa. In sawu ya tsallaka filin wani ko gandun da aka hana farauta, tsaya a iyaka ka nemo mai wurin ko jami'i ya raka ka. In dare ya yi, da asuba ka dawo, kuma dawowar nan wajibi ce. A Suwidin doka ta sa mai farautar manyan dabbobi ya tanadi karen bin jini da zai iya isa wurin cikin sa'a biyu. A gandayen farauta na Afirka ta Kudu da Namibiya kuwa, dabbar da ka zubar wa jini ta shiga lissafinka, ka same ta ko ba ka samu ba. Ɗauki wannan ƙa'ida ko babu wanda ya ɗora maka.

In ka iske ta kwance, zo ta bayanta, nesa da ƙaho da kofato. Matacciyar dabba idonta a buɗe yake. Wadda ta runtse da sauran rai. Taɓa idon da doguwar sanda, in ta ƙifta ka ƙarasa ta nan take. Ɓauna, aladen daji da damisa masu rauni, mutum ɗaya ba ya bin su, ba a kuma bin su da magariba.

Tambaya: Da bindiga mai watsa ƙwayoyi nake harbin tsuntsaye. Sau da yawa gashi ya tashi amma tsuntsu ya wuce. Harsashin ne ba shi da kyau?

Amsa: Nisa ne, ɗan'uwa. Gashin nan shaida ce cewa ƙwaya ɗaya ko biyu sun shiga, tsuntsun kuma zai je ya mutu inda ba ka gani. Irin wannan bindiga tana kisa da kyau daga mita 20 zuwa 35. Bayan mita 40 ƙwayoyi sun baje, ƙarfinsu ya ragu. Kafa kwali mai faɗin mita ɗaya a nisan mita 35, ka harba, ka zana da'ira ta santimita 75 inda ƙwayoyi suka fi taruwa. Duk giɓin da tsuntsu zai shige ba tare da uku ko huɗu sun same shi ba, ta nan kake asara. Kada kuma ka harba tsakiyar taron tsuntsaye da fatan wani ya faɗo. Zaɓi ɗaya na gefe, in ya faɗo ka ɗauko shi kafin ka nemi wani.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 ya fara bin abokansa farauta. Ba na runtsawa sai ya dawo. Me zan tabbatar ya sani? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, fargabarku tana kan hanya. Haɗurran bindiga a wurin farauta mafi yawa iri biyu ne: mutum ya harbi abin da bai tantance ba, ko bindiga ta tashi ba a nufi harbi ba. Na farkon yakan faru da asuba da magariba, lokacin da mai ɗokin samu zai ga ciyawa na motsi, zuciyarsa ta ƙarasa masa sauran. Ba a harbin motsi, ba a harbin ƙara. Sai an ga kai an ga jiki, an san wace dabba ce, an kuma san abin da ke bayanta. Harsashin ƙaramar bindiga mai lamba .22 yana wuce kilomita ɗaya da rabi, na manya yakan kai 4 zuwa 5. Saboda haka dabbar da ta tsaya bisa tudu, sararin sama a bayanta, ba a harbinta. Ruwa da dutse kuma suna karkatar da harsashi.

Na biyun maganinsa sabo ne. Bakin bindiga kada ya kalli mutum ko an rantse babu komai ciki, yatsa kuma ba ya taɓa kunama sai an saita. A cire harsashi kafin tsallaka shinge ko rami, kafin hawa bishiya, kafin shiga mota ko gida. In ya yi tuntuɓe ya faɗi, ya cire harsashi ya leƙa bututun ta baya, domin ɗan taɓo a baki ya isa ya fasa bindiga a fuskarsa. Kada ya haɗa harsasai masu lamba 12 da masu lamba 20 a aljihu ɗaya: na 20, da yake ya fi siriri, yakan zurma cikin bututun mai lamba 12 ya maƙale, a ɗora na 12 a bayansa, a harba, bindiga ta tarwatse. In ya ja kunama ba ta tashi ba, ya bar ta tana kallon gaba na daƙiƙa 30 kafin ya buɗe. Mai bindigar ɗuri ta baki ya jira minti guda cur, kada ya zuba albarushi kai tsaye daga gora don garwashi kan rage a ciki, ya kuma yi wa sandar ɗuri alama don kada ya yi ɗuri bisa ɗuri.

In a jere suke tafiya, kowa yana da rabonsa na fili, kimanin digiri 45 a gabansa. Tsuntsu ya fita daga nan ya zama na maƙwabci. Su sa riga ko hula ruwan goro mai ƙyalli. Mutum yana hango ta daga nesa, idon barewa da danginta kuwa ba ya bambance wannan launi sosai. Wanda ya saɓo dabba a kafaɗa ya lulluɓe ta da ƙyalle mai haske, kada wani ya hango ƙaho yana tafiya cikin ciyawa. Ya riƙa gaya muku inda za su da lokacin dawowa. Ku kuma tambaye shi ido da ido: cikin abokan nan akwai mai shan giya ko ƙwaya kafin a fita? In akwai, duk abin da muka faɗa ba zai kare shi ba, sai ya canja abokai.

Tambaya: Namun daji suna yi mini ɓarna a gona, kura kuma ta fara ɗaukar mini awaki. An ce in sa guba a mushe, ko in kafa tarkon waya, ko in haske su da tocila da dare. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ba ma cikin masu cewa manomi ya naɗe hannu. Amma duka ukun aibinsu ɗaya: ba sa zaɓe.

Guba ce mafi muni. Maganin ƙwari irin kabofuran, wanda ƙasashe da yawa suka haramta, ba ya tsayawa kan wadda aka nufa. Ungulu, mikiya, dila, karen maƙwabci, duk wanda ya ci mushen ya tafi, wanda ya ci su ma ya bi. A watan Yunin 2019 an tsinci gawar ungulaye 537 a arewacin Botswana, a kewayen mushen giwaye uku da aka barbaɗa wa guba. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma abin ya faɗo lokacin renon 'ya'ya, to ka ƙara lissafin waɗanda suka mutu a sheƙa. Ruwan sama kuma yana wanke gubar zuwa mashayar mutane da dabbobi.

Tarkon waya yana ƙara matsewa duk fizgar da dabba ta yi. In wuya ya kama, shaƙa ce a hankali. In ƙafa ce, waya takan ci nama har ƙashi, dabba ta yi kwanaki a haka. Yana kama mai ciki, yana kama maraƙin makiyayi, wanda aka manta da shi kuma yana nan yana kisa. Yankin Wels na Birtaniya ya haramta shi a 2023, Sikotlan ta bi a 2024. In dole sai tarko, kuma doka ta yarda, a yi na keji mai kama dabba da rai, a sa shi a inuwa, a duba kowace safiya ba fashi, a kuma kwashe adadin da aka kafa.

Tocila ido biyu kawai take nuna maka. Idon saniya yana ƙyalli, na akuya da kare ma haka. Idon mutum ba ya yi, don haka makiyayin da ke tsaye bayan dabbar ba za ka gan shi ba. Cinna wa daji wuta don a tashi dabba, ba ka tambaya ba, amma da su muke haɗa shi.

Abin da ke aiki ba shi da armashi: garke mai ƙaƙƙarfan shinge da dabbobi ke kwana ciki, kare mai gadi, da gadin gona na karɓa-karɓa a makonnin da amfani ke nuna. A Kenya an jera amya a gefen gonaki aka haɗe su da waya, giwa na taɓawa ƙudan zuma su tashi, kuma shigar giwaye ta ragu ƙwarai. Sau da yawa dabba ɗaya ce ta koyi ɓarna. Kai rahoto ga hukumar kula da namun daji, ƙasashe da yawa suna da tanadin kawar da wannan ɗayar.

Tambaya: Na tsufa a farauta. Iyayenmu ba su san lasisi ba, ba su san rufe lokaci ba, daji kuma bai ƙare ba. Dokokin nan ba neman kuɗi ba ne kawai? Daga wani tsohon mafarauci.

Amsa: Baba, a gafarce mu, ba mu isa mu koya muku daji ba. Amma kun fi mu sanin in kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Mutanen wancan zamani a ƙafa suke tafiya, da baka ko bindiga mai ɗuri ɗaya, abin da kafaɗa za ta ɗauka shi suke kashewa. Yau ga mota mai shiga ko'ina, ga babur, ga tocila, ga wayar salula, ga kasuwar birni da ba ta ƙoshi. Dajin kuma ya tsuke.

Yawa ba ya hana ƙarewa. A Arewacin Amurka an yi wata kurciyar daji mai ƙaura da yawanta ya kai biliyoyi, in ta taso har rana take rufewa. Da jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo, 'yan kasuwa suka riƙa bin ta har wuraren sheƙa, ita kuwa ƙwai ɗaya take yi. Ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Sinsinati ranar 1 ga Satumba, 1914. Mariri, dangin gwanki mai dogayen ƙahoni, da yake yawo garke-garke a gefen Sahara, farauta da mota da bindigogin zamani, haɗe da fari, suka gama da shi. A 2000 aka ayyana babu shi a daji. Sai a 2016 aka fara mayar da waɗanda aka kiwata a killace zuwa Chadi, da taimakon Abu Dhabi.

Lissafin haihuwa ne ke sa a rufe lokaci a kuma ƙayyade adadi. Zomo yana haihuwa sau da yawa a shekara, yana jure farauta. Gwanki ɗa ɗaya bayan cikin kusan wata 9, ɓauna wata 11, giwa wata 22 sannan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin wani. Kashe mace mai shayarwa kisa biyu ne, na biyun da yunwa. Shi ya sa ake son tsohon namiji da ya gama barbara, ake kuma duba hantsa da abin da ke biye da dabba kafin a harba.

Zancen kuɗi, kuna da rabin gaskiya: inda kuɗin lasisi bai koma daji ba, haƙƙin mafarauta ne su tambayi inda ya shiga. Inda ya koma an ga amfani. Dokar Pittman-Robertson ta Amurka, ta 1937, ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji. Barewarsu mai farar wutsiya, da ba ta wuce rabin miliyan ba a farkon ƙarni na 20, yau ana ƙiyasta ta kusa miliyan 30, alhali ana farautarta kowace shekara.

Tambaya: Maigidana maharbi ne. Na ji an ce harsashin dalma guba ne. In na cire shi daga naman ba shi ke nan ba?

Amsa: Ba shi ke nan ba, 'yar'uwa. Harsashin dalma mai gudu in ya bugi ƙashi yakan farfashe ya zama ɓarɓashin da ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. A gwajin da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta yi a 2008, hoto ya nuna ɓarɓashin har santimita 45 daga hanyar harsashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙananan yara da masu juna biyu suka fi shiga haɗari. Ki yanke naman da ke kewaye da raunin da yalwa ki binne, kada ki niƙa shi cikin sauran, kada kuma ki jiƙa shi da abu mai tsami, don tsami yana narkar da dalma.

Ki gaya wa maigida tsuntsaye ma suna biya. Agwagwar ruwa takan tsinci ƙwayoyin da suka zube a taɓo a zaton tsakuwa ce, ƙundu ya niƙe su, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Amurka ta hana dalma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu da kewayensu daga Fabrairun 2023. Madadinta ƙwayoyin ƙarfe da harsashin jan ƙarfe. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, don haka ana ƙara girman ƙwaya da lamba biyu, a rage nisa. Tsohuwar bindiga mai matsattsen baki tana iya kumbura da shi, sai maƙerin bindiga ya duba tukuna.

Tambaya: Da karnuka nake farauta. Abin da suka kama kafin in iso ya halatta? Akwai laifi in bar su su ƙarasa dabba?

Amsa: Malam, aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kama wa mai ita, in ya ambaci sunan Allah. In ka iske dabbar da rai, yanka ya wajaba, kuma nan amsarka ta biyu take: ba a tsayawa kallo karnuka na yayyaga mai rai. Kasance kusa da su, da wuƙa mai kaifi. Rassan mas'alar, kamar in karen ya ci daga naman, akwai saɓanin mazhabobi, sai ka zauna da malami. Su ma karnukan suna da haƙƙi: rigakafin haukan kare, ruwan sha, da hutu in rana ta take, domin da haki kare ke fitar da zafi, kuma zafi yana kashe shi da sauri. Lokacin da namun daji ke da ƙananan 'ya'ya a ɗaure su.

Tambaya: Nama yana yi mana wari kafin mu iso gida, har mukan zubar. Ina muke kuskure?

Amsa: Ɗan'uwa, an kashe rai don naman nan, zubar da shi ba ƙaramin abu ba ne; a jihar Alaska ma laifi ne da ake hukunci a kai. Jikin dabba yana wajen digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Selsiyos lokacin mutuwa, tumbi yana ci gaba da ba da zafi, fata tana riƙe shi, ƙwayoyin cuta kuma sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Don haka a fitar da kayan ciki a wurin, cikin sa'ar farko. Kwantar da ita rigingine. Tsaga daga ƙarshen ƙashin ƙirji zuwa mara, kaifin wuƙa yana kallon sama, yatsu biyu a ƙarƙashi suna danne tumbi. Zagaye dubura da wuƙa ka ɗaure ta da igiya, ka ɗaure maƙoshi ma, kada abin ciki ya kwarara. Yanke tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ka kamo maƙogwaro ka jawo komai ya fito tare. Kiyayi mafitsara da matsarmama. In tumbi ya fashe, yanke inda ya ɓata ka goge da tsabtataccen ƙyalle. Ruwan kududdufi yaɗa dattin kawai yake yi.

Tokare ƙirji da sanda iska ta shiga, rataye a inuwa, feɗe da wuri in ana zafi, ka sa a buhun yadi saboda ƙuda. Leda tana kulle zafi da laima, ita ta fi ruɓar da nama, haka cusa shi a rufaffen bayan mota. Babbar dabba a raba ta huɗu, a tsaga cinya har ƙashi, domin daga jikin ƙashi tsami ke farawa. Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce naman babbar dabbar daji ya sauka zuwa digiri 7, na ƙarama digiri 4. Inda babu ƙanƙara, a yanka shi sirara, a sa gishiri, a shanya ko a kyafe a ranar.

A sa safar hannu ta roba wajen fiɗa, a kuma dafa har cikin naman ya kai digiri 71. In hanta tana da ƙuraje, ko huhu ya manne da haƙarƙari, ko akwai ƙulli mai mugunya, a nuna wa likitan dabbobi kafin a ci. Dabbar da aka tsinta a mace, ko wadda ke tangaɗi ba ta gudun mutum, ba a ɗaukarta. A 1996, a ƙauyen Mayibout na Gabon, cutar Ebola ta ɓarke cikin mutanen da suka feɗe wani babban biri da aka tsinta matacce a daji. In kuma ka ga mushe ya kumbura da sauri, baƙin jini da bai daskare ba yana fita ta hanci, baki da dubura, zargi cutar antaraks. Kada ka tsaga shi, don iska na taɓa ƙwayoyin cutar sai su yi ɓawo su zauna a ƙasar wurin shekaru aru-aru. Hana karnuka zuwa, rufe shi da ƙaya ko tamfol, ka sanar da jami'an lafiyar dabbobi mafi kusa.